Takwarar Jikar Inna Saude

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan tabarma. Labarin waya zan ba ku yau, in na gama kuma shari'ar taku ce.

A Malumfashi an yi wata mata, Inna Saude, mai tuyar waina a bakin tasha. Autanta Nafi'u tun yana sakandare ya kamu da wani gem na intanet da matasa ke kira Ƙasar Dodanni. A cikinsa kowa yakan ƙera jaruminsa, ya shiga tare da dubban mutane daga garuruwa daban-daban, su haɗa runduna su yaƙi dodanni. Inna Saude ta tsani abin nan. Ranar da jarrabawarsa ta fito ba kyau, ta tsaya gaban baffanninsa ta ce tunda ya zaɓi aljanun waya a kan iyayensa, to aljanun su riƙe shi. Washegari Nafi'u ya ɗauki jakarsa ya bar gari, ya canza lamba. Shekaru suka wuce ba a ji ɗuriyarsa ba, maganar nan kuwa kullum tana cin uwar a rai.

Wata rana wani abokinsa ya zo sayen waina, ya faɗa mata cewa Nafi'u yana nan da ransa. Ya ce bai san garin da yake ba, amma a cikin gem ɗin ya zama shugaban runduna, yana da birni can ƙarshen ƙasar, bayan Gadar Wuta. Ya toshe saƙon kowa, ba mai magana da shi sai wanda ya isa ƙofar birnin da jaruminsa. Inna Saude ta sauke tanda daga wuta, ta ce za ta je. Mutane suka yi dariya, don wayarta ƙarama ce mai maɓalli, kiran ma sai an danna mata.

Ta farko da ta tsaya mata ita ce Suwaiba, mai shagon cajin waya a gefen rumfarta. Gem ɗin ba ya hawa sai kan babbar waya, Suwaiba kuwa guda ɗaya gare ta, da ita take harkar shagonta. Ta riƙa miƙa wa Inna ita kullum bayan la'asar, ta shimfiɗa mata tabarma a bayan kantar shagon, ga wutar sola ga data. Magana ta zaga tasha cewa tsohuwa ta zautu, Suwaiba ce ke ɗaure mata gindi. Wasu suka daina kawo caji. Ranar da baffannin Nafi'u suka zo su janye Inna don tana ba su kunya, Suwaiba ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, da girmanku, amma nan shagona ne. Ɗanta take nema, ba ta taɓa kowa ba." Suka juya.

Ta biyu ita ce Nusaiba, 'yar maƙwabta, ɗalibar jami'a da ta zo hutu. Da farko ta ce, "Inna, bari in buga miki. In na isa sai in miƙa miki wayar ki yi magana." Inna ta ce, "A'a, 'yar nan. A kan abin nan na kore shi, a cikinsa zan same shi da ƙafata." Nusaiba ta zauna ta ƙera mata jaruma mai warkarwa, tunda Inna ta ce ita ba ta iya sara ba. Yatsun Inna sun yi kanta saboda zafin tanda, allon wayar ba ya jin su sosai. Jarumar ta yi ta karo da bango, ta yi ta faɗawa rafi, har ɓerayen daji na matakin farko suna kashe ta. Nusaiba takan kama babban yatsanta ta aza shi inda ya dace. Tunda Inna ba ta karanta boko, sai ta koya mata alamomin ta launinsu: kore magani, ja gudu. Hutu ya ƙare, Nusaiba ta jinkirta komawa makaranta, har ta rasa gurbin kwananta a can, don ta ce ba za ta tafi ba sai Inna ta iya tafiya ita kaɗai. Kuma ta iya. Tana juya waina da safe, da yamma tana haye tsaunuka.

Ta uku Inna ba ta taɓa ganin fuskarta ba. Hansatu ce, wata ma'aikaciyar jinya a Damagaram, wadda a cikin gem ɗin ake kira Walƙiya. Inna ta isa Gadar Wuta, inda wani ƙaton dodo ke tsaro, kuma duk wanda ya faɗi a nan yakan rasa kayan yaƙinsa gaba ɗaya. Ta roƙi rundunoni su ɗauke ta, kowa ya dubi matakinta ya wuce. Tana nan tana magana da Hausa a fili, Hansatu ta ji, ta tsaya ta saurari labarin. Rundunarta ta hana rakiyar sababbin shiga, wanda ya karya doka a kore shi. Hansatu ta ce, "Inna, ki tsaya a bayana. In na ce gudu, kar ki waiwaya." Ta tari dodon ita kaɗai, ta ja shi gefe. Inna ta danna ja, ta ƙetare. Walƙiya ta faɗi a kan gadar, takobin da ta yi shekaru tana nema ya tafi, rundunarta kuma ta kore ta a ranar.

Inna Saude ta tsaya a ƙofar birnin da jarumarta mai tsummokara. Masu gadi suka kira shugabansu ya zo ya ga abin dariya. Da ya fito, ta kai wayar kusa da bakinta, ta ce, "Auta, ni ce. Na zo."

Can ta ji muryarsa: "Inna? Wa ya buga miki?"

"Ni na buga. Ka dawo gida, na janye maganata."

Ashe yana Fatakwal yana gyaran kwamfuta, har ya yi aure. Kafin wata ya mutu ya iso Malumfashi da matarsa, tana da tsohon ciki. Ta sauka lafiya, aka sami mace. Nafi'u ya ce sunan Inna za a sa. Inna ta ce ita tana da takwara a cikin jikokinta, wannan yarinyar sunan wadda ta haɗa su za ta ci.

Nan fa aka tsaya. Ba don Suwaiba ba, da Inna ba ta ko shiga ƙasar ba. Ba don Nusaiba ba, da har yau tana karo da bango. Hansatu kuwa, da ba ta tari dodon ba, da a bakin gada tafiyar ta ƙare. Ga rago an ɗaure, ga liman yana jira a raɗa masa sunan.

To, ku faɗa mini: Suwaiba, Nusaiba ko Hansatu, sunan wa ya kamata jaririyar nan ta ci?