Layin da Zubair Ya Goge

Akwai wani ma'aikaci a Kalgo mai suna Zubair. Shekara uku yana aikin sa-kai a wata taswirar intanet, irin wadda kowa zai iya shiga ya zana hanyar garinsu kyauta. Ya zana Kalgo, ya zana Gwandu, har da wata 'yar hanya mai ratsa fadama zuwa Tungar Gwani, inda Gwaggo Delu da ta raine shi ta koma wajen ɗanta. Sau ɗaya ya taɓa bin ta, da rani.

Amma fa ya gaji. Duk Asabar sai ya jera kujeru don koya wa mutane zanen taswirar, su zo sau ɗaya, shi ke nan an yi sallama. Kullum ƙorafinsa mutanenmu ba sa son ci gaba. Bai taɓa tambayar kansa me ke korar su ba.

Wata Asabar wani ɗan kabu-kabu, wato mai haya da babur, mai suna Lukuman ya zo da abokan sana'arsa huɗu. Da ƙyar ya iya riƙe yatsa a kan wayar. Ya ja wani layi karkatacce da ya kewaye fadamar Tungar Gwani, ya rubuta cewa hanyar tsakiya ba ta biyuwa.

Zubair ya leƙo, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya nuna masa hoton tauraron ɗan adam, ga hanya nan fes, ya ce hoto ba ya ƙarya.

Lukuman ya ce, "Malam, hoton ga da rani anka ɗauke shi. Da damana ruwa na, mu munka san wurin."

A gaban kowa Zubair ya goge layin, ya ce taswira ba wasan yara ba ce. Asabar ta gaba, kujerunsa kaɗai suka zo.

Cikin watan Agusta, da hantsi, aka kira shi cewa Gwaggo Delu ta rasu, za a yi jana'iza bayan Azahar. Ya duba taswirarsa, ya ga da sauran lokaci. Ya hau babur, ya bi layin da ya zana da hannunsa.

Layin ya kai shi bakin ruwa. Ko'ina shinkafa ce da ruwa, babu alamar hanya. Ya gwada shiga, babur ya nutse cikin laka ya mutu. Ya duba wayar ko akwai wata hanyar. Babu, domin shi ya goge ta.

Ya daɗe tsaye kafin ya nemo lambar Lukuman a jerin waɗanda suka taɓa zuwa koyo. Kunya ta so hana shi, amma gawa ba ta jira.

Lukuman bai tada tsohon zance ba. Ya yi masa ta'aziyya, ya ce ya tsaya inda yake. Ya zo ya ɗauke shi, suka bi ta kewayen nan mai nisa, babur na rawa cikin taɓo.

Suna shiga gari suka haɗu da mutane suna dawowa daga maƙabarta, fartanya a kafaɗa.

Zubair ya je ya durƙusa a gaban ɗanyar ƙasar kabarinta. Matar da ta goya shi, bai samu ko sallatarta ba. Ya yi kuka har ya gaji.

A hanyar komawa suka tsaya ƙarƙashin wata tsamiya. Zubair ya buɗe taswirar, ya miƙa wa Lukuman wayar, ya roƙe shi ya sake jan layin nan.

Lukuman ya dubi wayar, bai karɓa ba tukuna.

"In na ja, Malam, ba ka gogewa?"

Zubair ya girgiza kai. Lukuman ya goge laka daga yatsansa, ya fara ja. Layin ya fito karkatacce kamar na farko, kuma a haka aka bar shi.

Darasi: Kada ka raina sanin mai bin hanya kullum don hannunsa bai iya zane ba. In kana son mutane su shigo aikin al'umma, ka saurare su kafin ka gyara musu. Ku tura wa duk wanda Allah Ya ba ilimi yana koyar da wasu.