Farashin Gidan Lantana

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan. Zan ba ku wani labari, in na gama ku za ku yanke hukunci, domin ni na juya shi ta kowace fuska ban iya yankewa ba.

A wani gari da ke bakin daji an yi wata mata ana ce mata Lantana. Ta gaji gida daga mahaifinta a gefen gari, gida mai faɗi, da shago guda a jikin katangarsa yana kallon hanyar kasuwa. Mijinta Malam Isiyaku tela ne, mutum mai sanyin hali, yana fama da ciwon suga, kullum sai ya sha magani. Da 'yan bindiga suka fara shigowa unguwannin gefe suna ɗaukar mutane, maƙwabta suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Lantana ta kai ko akuya ta taɓa ƙofar langa-langa sai ta zabura. Daga ƙarshe ita da mijinta suka yanke shawarar sayar da gidan su koma birni wajen 'ya'yansu.

Ta kira dillalai uku. Akwai Baba Barau, dattijon da ya tsufa a dillancin gidaje, wanda ba ya faɗin kuɗin gida sai ya zaunar da mai saye ya san ko ɗan wane ne. Akwai Kande, dillaliya mai yawo da ƙullin atamfofi, tana shiga gidajen matan aure, tana haɗawa da tallan filaye. Sai Nafi'u, matashi, shi a waya yake tallarsa: ya zagaya gida ɗaki-ɗaki yana ɗaukar bidiyo, ya watsa wa duniya. Lantana ta gaya musu abin da take nema a gidan, ta roƙe su abu guda: kada kowa ya ji kuɗin sai wanda ya zo da niyyar saye.

Gida ya ƙi sayuwa. Waɗanda suka ga bidiyon Nafi'u sukan tambaya nawa ne, in ya ce su zo a yi magana sai su yi shiru. Da ya ga watanni na wucewa, sai ya rubuta farashin ƙarara a ƙarƙashin bidiyon: miliyan goma sha takwas. A ganinsa taimako ya yi. Ai kuwa aka fara kira, har wani ɗan kasuwa ya zo daga birni ya duba. Kande ta ji daɗi, ta faɗa a wajen wani suna cewa gidan Lantana kamar ma an sayar. Magana ta zaga gari, ta dawo da cewa har an biya.

Ana nan sai Nafi'u ya kawo wasu mutum biyu su ga gida. Lantana tana leƙen su daga madafi. Ba su ɗaga kai sun dubi rufi ba, ba su leƙa rijiya ba, ba su taya ba. Ɗayansu kawai ya tambaya ko wancan mai zaman keken ɗinki shi ne maigidan. Lantana ba ta yarda da su ba, amma ba ta gaya wa kowa ba, tana tsoron korar mai saye.

Ranar kasuwa da hantsi Malam Isiyaku ya fita sayen zare. Azahar ta yi bai dawo ba. La'asar na yi wayarta ta yi ƙara, ta ji wata murya ta ce mijinta yana hannunsu, sun san an sayar da gida, sun san nawa, duka suke so, in kuma ta kai magana wajen hukuma ko gawarsa ba za ta gani ba. Sai aka miƙa masa wayar. Muryarsa ta fito can ƙasa: "Lantana, ban sha magani ba."

Dillalan suka same ta zaune a tsakar gida. Ba ta zagi Nafi'u ba, amma ta kasa duban fuskarsa. Kowa a garin ya san cewa in aka ƙetare kogi da mutum aka shiga daji, sai dai wani ikon Allah, balle mai ciwo. Ta dubi shagon, ta ce: "Na cire shagon nan daga ciniki. Duk wanda ya dawo mini da Malam da ransa, nasa ne. Allah ne shaida."

Nafi'u ya ce ta ba shi wayar. Ya kira mutanen, ya ce shi ne dillalin, kuma kuɗi ba su shigo ba tukuna. Ya ce mai sayen ya kafe ba zai biya ba sai ya yi magana da maigida ta waya yana ganin fuskarsa. Nafi'u ya san a cikin daji waya ba ta kamawa, don haka in suna son kuɗin, dole su ajiye Malam kusa da gari. Suka ce sun san gidan su Nafi'u, sun san uwarsa, in ƙarya yake shi ne na gaba. Ya ce ya yarda. Ya koma ya saki sabuwar talla cewa ciniki ya kusa faɗawa, don su gani su gaskata. Duk sa'ad da suka kira, shi ke ɗauka, ya ƙirƙiro wani uzurin: banki ya tashi, motar mai saye ta lalace. Lantana tana jin yadda muryarsa ke tsayawa daram a waya, alhali ta san shi ma a tsorace yake. A cikin wannan halin ya tono bidiyon da ya ɗauka ranar da mutum biyun nan suka zo ganin gida, ya sami fuskar ɗaya daga cikinsu a gefen hoton.

Baba Barau ya karɓi wayar ya kai ta kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce ya san wannan. Kwanakin baya mutumin ya zo rumfarsa neman hayar kango wai zai ajiye masara, shi kuwa ya hana shi don ya kasa faɗin ko ɗan wane ne. Washegari dattijon ya ɗauki sandarsa, ga ciwon gwiwa, ya bi rumfunan dillalai yana hira kamar ba komai, domin garin cike yake da masu kai wa 'yan bindiga rahoto, tambaya ɗaya ta karkace sai labari ya riga shi isa. Da dabara ya gano mutumin ya sami kango a cikin waɗanda ke jere bayan tsohon gidan gurzar auduga. Ya je wajen shugaban 'yan sa-kai da jami'an tsaro. An taɓa yaudarar su da labarin ƙarya aka yi musu kwanton-ɓauna, sun daina fita kan maganar kowa. Barau ya ce su riƙe shi a wajensu, in ya zama tarko ne su yi masa abin da suka ga dama. Albarkacin furfurarsa suka amince. Sai dai suka ce kangayen suna da yawa, in suka faɗa wa wanda ba shi ba, kafin su juya an yanka mutumin.

Kande ta ce ita za ta je. Lantana ta kama zanenta ta ce, "Kande, kina da 'ya'ya." Ta ce ai saboda haka ma ba wanda zai zarge ta. Ta ɗaure maganin Malam da 'yan dabino a gefen zane, ta ɗauki ƙullinta da igiyar awo, aka yi da ita cewa inda ta gan shi za ta shanya jar atamfa a katanga. Ta shiga kangayen ɗaya bayan ɗaya tana rafka sallama, tana auna ɗakuna tana mita ita kaɗai kan tsadar gidaje. A wani kango mai ƙofar buhu wani mutum ya tare ta, bakin bindiga na leƙowa daga ƙarƙashin bargonsa. Ta ce masa ashe an sami mai gadi, ta roƙi ya nuna mata inda za ta zaga. Tana bi ta baya ta hango Malam Isiyaku ta tagar da ba a sa wa ƙyaure ba, kwance, ƙafafu a ɗaure, leɓɓansa sun bushe. Ta jefa masa ƙullin maganin ta wuce. Tana dawowa mutumin ya ɗora mata wuƙa a wuya ya ce wa ya aiko ta. Ta ce yunwa ce ta aiko ta, in yana da mata ga atamfa da araha. Ya ce ba za ta fita ba sai abokansa sun dawo. Ta zauna, ta kwance ƙulli, ta riƙa baza masa kaya yana harararta, har ta ɗora jar atamfar a kan katanga wai ya ga kyanta a rana, inda 'yan sa-kai da ke laɓe za su hango ta.

Lantana tana gida a kan dardumar sallah lokacin da ta ji harbi daga wajen gidan auduga. Ya ɗauki lokaci, sannan ya ɗauke ɗif. Shirun ya fi harbin tayar mata da hankali. Ba ta san gawar wa za a shigo da ita ba, ta mijinta ko ta matar da ta bari ta tafi. Can sai ga amalanke an turo ta ƙofar gida, Malam Isiyaku a ciki, ba ya iya miƙewa amma idonsa biyu, Kande na biye da jini a wuyan rigarta. An kama ɗaya, sauran sun tsere. A ranar aka wuce da Malam asibitin birni, Nafi'u ma ya kwashe uwarsa ya bar garin na wani lokaci.

Da Malam ya warware, Lantana ta tuna rantsuwarta. Shago ɗaya ne, ba ya rabuwa uku, kuma ta ce wanda ya dawo da shi, ba ta ce waɗanda ba. Cikin ukun babu wanda ya zo ya ce a ba shi. Mutanen gari ne suka rabu. Wasu suka ce ba don Nafi'u ba da tuni an ƙetare kogi, babu kangon da za a nema. Wasu suka ce ai shi ya jawo, da ya rubuta farashin da aka hana shi. Wasu suka ce ba don Baba Barau ba da ba a san inda za a dosa ba, kuma ba mai fita. Aka amsa musu cewa ya ga mutumin tun farko, ya zarge shi, bai gaya wa kowa ba. Masu goyon Kande suka ce ita kaɗai ta kai wuyanta ƙarƙashin wuƙa. Aka tuna musu bakinta ne ya sayar da gidan a wajen suna tun ba a sayar ba.

Lantana tana tsoron ta mutu da alkawarin Allah a wuyanta, tana kuma tsoron ta ba wanda bai kamata ba. To, ku da kuka ji, tsakanin Nafi'u da Baba Barau da Kande, wa za ta danƙa wa makullin shagon nan?