Jar Rigar Tunau

Ilu, Kande, Ɗanlami, ku matso nan. Ku kife wayoyin nan, ba gudu za su yi ba. Yau ba jikoki nake nema ba, ku nake nema, masu gemu da mai goyo. Ga ta nan, ga ta nanku.

Shiru? Girma ya cinye muku baki?

"Ta zo mu ji ta, Inna."

Yauwa.

Wani gari ne, mutanensa ba abin da suke so kamar tseren keke. Duk shekara in an gama zuba hatsi a rumbu, sai a sa rana. A tashi daga ƙofar gari, a ratsa fadama, a haye dutse, a gangaro ta bayansa, a dawo ƙofar gari. Tafiyar hantsi ce zuwa azahar. Wanda ya fara isowa shi ake sa wa jar riga. Riga ce ta saƙi, ba ado, ba aljihu. Amma mai ita, ko sarkin kasuwa sai ya tashi ya ba shi wuri.

Tseren yana da al'ada guda, ba a rubuce take ba. In kuna gaba kai da abokin karawarka, tsautsayi ya same shi, sarƙa ta zame, ko ƙaya ta soki taya, ko ya faɗi, to sai ka sa ƙafa a ƙasa ka jira shi. Don a san ƙarfin cinya ne ya ci, ba ƙaya ba. Mai riƙon al'adar wani tsoho ne, Baba Arzika. Shi ke kaɗa tuta a tashi, shi ke sa wa gwani riga.

Mahaya da yawa, amma gwanaye biyu ne. Akwai Barmo, dogo, mai baki, ya sa rigar ya fi a ƙirga. In ya hau keke ba ya gaida kowa, ƙararrawa ce gaisuwarsa. Yana tafe yana yi wa kansa kirari: "Ni ne Barmo, iska ƙanwata! Na gaba ya kauce, na baya ya haƙura!" Akwai kuma Tunau, mai faci a bakin kasuwa, ba shi da yawan magana. Shekara tara yana zuwa na biyu. Bai taɓa jin yadda rigar nan take a jiki ba, kuma ba abin da yake so a duniya sai ita, ko da sau ɗaya ne.

Sai ranar tsere ta zo. Baba Arzika ya kaɗa tuta, aka zuba. Kafin a fita fadama su biyun sun bar kowa. Suna cikin hawan dutse, sai sarƙar Barmo ta zame, ƙaras. Sai Tunau ya ja birki, ya sa ƙafa a ƙasa.

Barmo ya ɗago kai, ya ce, "Me kake jira, mai faci?"

Tunau ya ce, "Kai nake jira."

Barmo ya ce, "To madalla. Jira mai cin ka."

Sai ya mai da sarƙa, suka hau. Sai Barmo ya lafe a bayan Tunau. Tunau yana fama da iska da ƙirjinsa, Barmo yana hutawa a bayansa kamar ɗan goyo. Sai da aka hango ƙofar gari, sannan ya fito fit, ya wuce. Aka buga kalangu, aka sa masa riga.

A ƙofar garin akwai wata mai fura, Tabawa, bakinta ya fi nononta tsami. Abin da ta faɗa da azahar, kafin la'asar duk gari shi ake faɗi. Sai ta ce, "Tunau, ashe kai ɗan rakiya ne? An miƙo maka riga, ka ce a'a, sai mai ita ya zo!" Sai jama'a suka kwashe da dariya.

Baba Arzika ya ja shi gefe, ya ce, "Ka yi daidai, ɗana."

Tunau ya ce, "Daidai ba riga ba ce, Baba. Ba a sa ta a jiki."

Sai wata shekarar ta zagayo. Aka kaɗa tuta, aka zuba. Su biyun suka sake barin kowa. Suna tsakiyar fadama, sai ƙayar aduwa ta soki tayar Tunau, fuuu.

Tunau ya ce, "Barmo, ƙaya!"

Barmo ko birki bai taɓa ba. Ya waiwayo, ya ce, "Ai sana'arka ce ta biyo ka. Yi faci!" Ya kaɗa masa ƙararrawa sau biyu, ya wuce.

Tunau ya zauna a gefen hanya ya yi facinsa. Mahaya suka yi ta wuce shi. Da ya iso ƙofar gari shi ne na bakwai. Ya tarar da Baba Arzika riƙe da riga, bai sa wa kowa ba.

Tsohon ya ce, "Barmo, an ce ba ka sa ƙafa ba."

Barmo ya ce, "A wane littafi aka rubuta, Baba? Kawo in karanta."

Tabawa ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Namiji ke nan! Ana tsere ana zumunci?" Sai jama'a suka ɗauka, "A sa masa! A sa masa!" Baba Arzika ya dubi dama, ya dubi hagu, bai ga mai goya masa baya ba. Sai ya sa wa Barmo riga. Tunau yana tsaye yana kallo. Abin ya zauna masa a ƙahon zuci.

A damina gwiwarsa ta fara ciwo. Ya je wurin maɗori. Maɗori ya latsa nan, ya latsa can, ya ce, "Tsere ɗaya ya rage a gwiwar nan. In ka ƙara na biyu, da sanda za ka ƙarasa rayuwa." Sai Tunau ya ce to. Kullum da asuba ya ɗaura buhun gero a bayan keke, ya haye dutse, ya sauko. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya daina dariya da kowa.

Sai shekara ta uku ta zo. Aka kaɗa tuta, aka zuba. Fadama, suna tare. Hawan dutse, suna tare. Barmo ya taka, Tunau ya taka. Barmo ya dube shi, ya ga yau ba irin jiya ba ce, sai ransa ya ɓaci. Da suka kai gangara, inda kowa ke riƙe birki, sai Barmo ya saki nasa. Bai tsaya nan ba, har da sakin hannu ɗaya, ya waiwayo, ya ce, "Mai faci, sai ka iso!"

A nan hanya ta karya kwana, ga tsakuwa, ga kwazazzabo mai zurfi a gefe. Sai taya ta goce. Sai Barmo da keke suka yi ƙasa, rugum, wani dutse ya biyo su.

Tunau ya ja birki. Ƙafarsa ta sauka daga feda, saura kaɗan ta taɓa ƙasa.

Daga cikin rami aka ce, "Mai faci, tsaya!"

Sai Tunau ya tuna da ƙararrawa sau biyu a fadama.

Aka ce, "Tunau, ƙafata!"

Sai ya tuna da dariyar ƙofar gari, ya tuna da maganar maɗori.

Aka ce, "Ɗan'uwa, don Allah!"

Sai ya ce a ransa, "Ba ni na tura shi ba. In na isa, sai in faɗa a zo a ɗauke shi." Ya mai da ƙafa kan feda, ya taka. Sauran mahaya suna can baya da nisa. Da suka zo wurin, gudu suke, ramin da zurfi, muryar Barmo ta dushe. Ba wanda ya ji shi. Duk duniya Tunau kaɗai ya san inda yake.

Ya iso ƙofar gari shi kaɗai. Gari ya ɗauki sowa. Aka ɗaga shi sama. Tabawa ta ce, "Dama na faɗa, Tunau damisa ne, ƙi sabo!" Baba Arzika ya sa masa riga, ya ce a hankali, "Ina Barmo?"

Tunau ya ce, "Yana baya."

Ai ba ƙarya ya yi ba. Ku lura da wannan, ba ƙarya ya yi ba.

Ya ce a ransa, bari in sha ruwa tukuna, sai in faɗa. Ya sha ruwa. Sai makaɗa suka saki kalangu da sunansa, shekara goma sha biyu yana jiran ya ji. Ya ce, bari kiɗan nan ya ƙare, sai in faɗa. Kiɗa ya ƙare. Sai aka ce a zaga kasuwa da gwani. Ya ce, bari a gama zagayen, sai in faɗa. Ya san da ya buɗe baki, kiɗa ya mutu, kowa ya bi hanyar dutse, a bar shi tsaye da riga.

Har na ƙarshen mahaya ya iso, yana tura kekensa. Har aka kira la'asar. Sai uwar Barmo ta ratso jama'a, tsohuwa ce, ta tsaya gaban Tunau. Ta ce, "Yaro, ku biyu kuke tafiya kullum. Ina ɗana?"

Sai a lokacin Tunau ya faɗa.

Aka tafi da igiya da gatari. Aka tarar da Barmo a sume, dutse a kan ƙafarsa, rana ta gasa shi tun azahar. Aka kai shi asibitin birni. Likita ya duba, ya girgiza kai, ya ce da an kawo shi da wuri da an ceto ƙafar. Sai aka yanke ta daga gwiwa.

Kashegari gari ya juya kamar waina. Tunau ya bi ta ƙofar gari, sai Tabawa ta tofar da yawu, ta ce, "Mugu! Ka bar ɗan mutane a rami saboda tsumma!"

Tunau ya ce, "Ba ke kika ce ni ɗan rakiya ba ne? Ba ke kika ce ana tsere ana zumunci ba?"

Tabawa ta ce, "Ni fura nake damawa. Ka taɓa ganina a kan keke?"

Ba mai kawo masa faci. In ya zauna a majalisa, sai a watse ɗaya bayan ɗaya. Rigar nan ta zame masa garwashi. Sai ya ninke ta, ya tafi gidan Barmo. Ya same shi a zaure, sanda a gefensa. Ya durƙusa, ya ajiye rigar, ya ce, "Taka ce. Ka yafe mini."

Barmo ya ture ta da sanda. Ya ce, "Ni ba na karɓar sadaka. Kuma kada ka ruɗi kanka, mai faci. Rami ne ya ci ni, ba kai ba. Da ka tsaya ka ciro ni, da ƙafa ɗaya sai na riga ka isa."

Tunau ya ce, "Gafara nake roƙo."

Barmo ya ce, "In na yafe maka, me ya rage mini? Tashi ka ba ni wuri."

Sai Tunau ya ɗauki riga ya tafi wurin Baba Arzika. Ya ce, "Baba, karɓi abarka."

Tsohon ya ce, "Ba a ajiye ta, ɗana. Daga wuyan gwani sai wuyan wanda ya ci shi a tsere. Kafin nan, duk ranar kasuwa a jikinka za a gan ta. Na karya al'ada sau ɗaya don tsoron baki, ga abin da ta haifa. Ba na ƙarawa."

Sai Tunau ya jira kaka. Ya bi mahaya gida gida. Ya ce, "Ku fito a yi tsere. Gwiwata ta mutu, ko jariri ya ci ni. Wani ya raba ni da ita."

Wannan ya ce, "Uwata ta hana ni hawa da wanda ba ya tsayawa." Wancan ya ce, "Rigar da aka jiƙa da jinin mutum? Allah ya kiyashe ni." Na uku ya ce, "In na ci gurgu, me na ci?"

Ranar tsere Baba Arzika ya fito da tuta. Tunau ya fito da keke. Suka tsaya a ƙofar gari su biyu, daga hantsi har azahar. Ba wanda ya zo. Sai tsohon ya naɗe tutarsa ya koma gida. Shekara ta biyo shekara, haka. Baba Arzika ya rasu, ba wanda ya gaji tuta. Ciyawa ta cinye hanyar dutse.

Barmo yana nan a zaure yana ba bango labarin yadda iska take ƙanwarsa. Tunau kuwa duk ranar kasuwa sai ya sa rigarsa, ya ɗingisa ya zauna a rumfar da ba mai zuwa. Ja ya koɗe, saƙi ya zare, kafaɗa ta fito. Abin da ya nema shekara goma sha biyu ya samu, kuma har ya mutu bai sami mai raba shi da shi ba. A jikinsa masu wanka suka yanke ta da almakashi.

Ƙurunƙus kan kusu, kusun ma ya tsere ya bar ni da gardama.

Ana cewa alheri gadon barci ne. Tunau ya shimfiɗa nasa, wani ya kwanta a kai. Ya rama sau ɗaya, ya rasa barci har kabari. Ni na juya maganar nan shekara da shekaru, ban sami bakin zarenta ba. Wa ya kashe tseren garin nan? Barmo da ya fara ƙin sa ƙafa? Tunau da ya ji kira uku ya taka, ya kuma yi shiru har la'asar? Tsohon da ya ji tsoron baki ya sa wa Barmo riga? Ko masu tafi, da suka yi wa mai haƙuri dariya, suka yi wa mai girman kai guɗa, sannan suka wanke hannu?

Kada wanda ya ce mini duka suna da laifi, wannan amsar rago ce. Ɗaya nake so. Ilu, kai ne babba, fara. Ku yanke mini ita kafin kowa ya tashi daga tabarmar nan.