Maganar da Harouna Ya Haɗiye a Tanda

Akwai wani mutumin Gaya mai suna Harouna, wanda ya yi yawon neman kuɗi har Italiya da Jamus. Bai dawo da dukiya ba, sai baki: Faransanci, Ingilishi, Italiyanci da ɗan Jamusanci. Ko gaisuwa ka yi masa, sai ya nuna maka ya ga duniya.

Da ayarin rigakafin yara ya zo ƙauyen Tanda, kusa da Gaya, tare da wata likita Bajamushiya, shi aka ɗauka tafinta. Mata suka cika gindin bishiya, har da ƙanwarsa Ajuma, goye da ɗanta Yasir.

Likita ta ce a gaya musu yaro zai iya yin zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu bayan allurar, kada su tsorata, kuma su dawo wata mai zuwa don ta biyu.

Harouna ya ce a ransa, waɗannan in suka ji zazzaɓi za su watse, a ce bai iya aiki ba. Sai ya haɗiye rabin maganar.

"Ta ce allura ce mai sanyi, ba abin da za ta sa yaro. Ku dawo wata mai zuwa."

Washegari jikin yara da dama ya yi zafi. Gari ya ɗauka: an ce ba komai, ga shi akwai komai, to me kuma aka ɓoye? Da wata ya zagayo, inuwar bishiya kawai ayarin ya tarar.

Bayan damina mashaƙo ya shigo, ciwon maƙogwaron da allurar ke karewa. Yasir na cikin waɗanda aka kai gidan likita na Gaya, numfashi da ƙyar. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ya sha wuya.

A bakin gadon yaron ne Harouna ya faɗa wa Ajuma gaskiya, kansa a ƙasa. Kunya ta rufe shi, duk harsunan nan suka gudu suka bar shi.

Ajuma ta dube shi ta ce:

"Yaya, mu da muke kwana da zazzaɓin ɗiya tun ba ka tafi Turai ba? Da ka hwaɗa muna, da tsumma na jiƙa in jira. Baƙuwa ta yarda za mu gane, kai ɗan uwanmu ne ka raina mu."

Darasi: Wanda aka ba saƙo amana aka ba shi, ya isar da shi cikakke, daɗinsa da ɗacinsa. Kada ka yanke wa mutane abin da za su iya ɗauka. Ku tura wa duk mai yi wa wasu magana a gaban likita.