Motsin Kai Ne Kawai

Jama'ar wannan shafi, ku natsu ku karanta na yau.

Akwai wata malamar lissafi a jami'a a Samaru mai suna Tabitha Shekari. A unguwar Muchia ta Zariya ta tashi, gidansu na kallon gidan su Akinola. Tare suka yi firamare, tare suke waƙa a coci. Akinola Bayarabe ne, amma in yana Hausa sai ka rantse Bazazzagi ne.

Da suka girma, shi ya tafi Turai binciken cututtukan ƙwaƙwalwa, ita ta zauna tana koyarwa. Wata rana a shekarar 2006 ya kira ta a waya.

"Tabi, ina da aikin da sai ke. Mun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane kashi biyu, masu farfaɗiya da masu lafiya. Ki duba min ko akwai bambanci tsakaninsu. Lissafin ya fi ƙarfina."

Ta ce, "Turo, ai kai ɗan'uwa ne."

Ya aiko da fayafayan CD. Hotunan ba irin na katin shaida ba ne. Mutum yana kwance cikin na'ura, ita kuma tana ta ɗaukar yadda sassan ƙwaƙwalwarsa ke aiki, komai a cakuɗe kamar hayaniyar kasuwar Sabon Gari. Akwai dabarar lissafi da ake kira ICA, wadda ke raba wannan hayaniya, ta ware kowace murya daban. Daga nan sai a gwada muryoyin kashi na farko da na biyu.

Tabitha ta duƙufa. Tsohuwar kwamfutarta takan yini tana lissafi ɗaya, in wuta ta ɗauke a koma farko. Bayan watanni, sai ga wata murya ta fito da bambanci ƙarara tsakanin marasa lafiya da masu lafiya. Ta tura masa cikin murna. Ya kira yana ihu, har ta janye wayar daga kunne.

Amma hankalinta bai kwanta ba. Da ta sake duba taswirar ƙwaƙwalwa da lissafin ya fitar, sai ta ga alamar wannan murya ba a cikin ƙwaƙwalwa take ba, a gefe take, ta zagaye ta kamar zobe. Ta gwada da bayanin motsin mutanen cikin na'ura, suka dace daidai. Masu farfaɗiyar sun fi motsa kai lokacin ɗaukar hoton, shi ke nan.

Nan take ta kira shi.

"Akin, kada ka yi amfani da abin da na turo. Motsin kai ne kawai, ba ciwo ba."

Ya ce, "Kin tabbata?"

"Na tabbata. In muka buga wannan, mun yi wa marasa lafiya ƙarya."

"To, bar min. Zan faɗa wa ogana."

Bai faɗa ba. Da shekara ta zagayo, Tabitha na zaune a kafe tana duba intanet, sai ta ga binciken ya fito a mujalla, da sakamakon nan na farko. Ga sunanta a kai, har an rubuta cewa ita ta yi lissafin duka. Ta shiga kiran Akinola.

Da ƙyar ya ɗauki waya. Ya ce, "Haba Tabi, wa zai lura? Ai ke ma zai taimake ki wajen ƙarin girma."

"Ka janye shi, ko ka cire sunana."

"Zan yi. Ki ba ni lokaci kawai, kada aikina ya tafi."

Ta ba shi lokaci, saboda Akin ne.

Wasu masana suka riga shi. Suka gano zoben, mujalla ta janye binciken. Da aka tuhumi Akinola, sai ya ce shi likita ne, bai san lissafi ba, wata mata ce a Najeriya ta ba shi sakamakon, kuma ba ta taɓa nuna masa matsala ba.

Duk maganarsu a waya suka yi. Tabitha ba ta da shaida.

Labari ya iso Samaru. Aka dakatar da ƙarin girmanta, aka karɓe ɗaliban da take duba aikinsu. In ta shigo ɗakin malamai sai hira ta mutu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar Lahadi, in mahaifiyar Akinola ta rungume ta a ƙofar coci tana cewa, "'Yata, ɗan'uwanki yana gaishe ki." Sai ta ce, "Ina amsawa, Mama," ta juya ta share ido. Ba ta taɓa faɗa wa tsohuwar ba.

Ta ci gaba da koyarwa, tana ƙananan bincikenta a hankali. Masu zunɗenta suka fara kawo mata lissafinsu, don sun lura ba ta barin kuskure ya wuce.

Shi kuwa Akinola, ya sake buga wani binciken da aka gyara wa sakamako. Wannan karon shi kaɗai ya yi, babu wanda zai ɗora wa. Aka bincika tsofaffin ayyukansa, aka sallame shi.

A ƙarshen 2009 ya tsaya a ƙofar ofishinta, ya rame.

"Tabi, na cuce ki. Ki yafe min."

"Na yafe tun tuni, don kaina."

Ya sunkuyar da kai. "Ina neman aiki a nan Zariya. Sun ce in kawo wanda zai tsaya min. Ke kaɗai nake da ita."

Ta dube shi ta ce, "In yunwa kake ji, ka zo gida, za ka ci abinci. In Mama ba ta da lafiya, ni zan kai ta asibiti. Amma sunana, Akin, ba zai sake zama kusa da naka ba."

Ta ɗauki allinta ta wuce aji.

Darasi: Wanda ya ba ka sunansa, amana ya ba ka, kada ka mai da shi garkuwar ƙaryarka. Kai kuma, in ka ga an jingina ƙarya da sunanka, ka yi magana a fili tun da wuri, ko da amininka ne ya yi. Ana iya yafe maka, amma yarda ba ta dawowa da roƙo. Ku tura wa abokan aikinku da ɗalibanku su karanta.