Bawul ɗin da Mayen Ƙarfe Ya Ƙi

Akwai wani ɗan kasuwa a Fagge, wajen shekarar 1956, sunansa Tajudeen. Bayarabe ne haifaffen Kano, yana sayar da atamfa da shadda, kuma Allah ya ba shi hannu. In ya ɗaga yadi ya ji nauyinsa, ya karkata shi a rana ya ga ƙyallinsa, to an gama, ba mai ƙara masa bayani.

Matsalarsa ɗaya ce: ya ɗauka duk abin da ke duniya shadda ne.

Masu tsallake layi, ana ganinku. Ku nutsu, ba kullum ake samun mai ba da labari irin na shafin nan ba.

Tajudeen yana da wa mai suna Ganiyu, wanda ya je yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo ko ƙwarzane babu, sai zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi a kan gadonsa. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari wani baƙin babur ne ƙirar Ingila, mai murya da kauri kamar ana daka a cikin rijiya.

Mahaifiyarsu, Iya Raliat, idonta ya riga ya tafi. Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa mata tabarma a soro, ta kasa kunne. Da zarar babur ɗin ya karyo kwanar masallaci, sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Ga Ganiyu nan."

Ba ruɗewa ta yi ba, hankalinta garau yake. In an yi mata magana sai ta ce, "Ku ƙyale ni. Fuskarsa ta ɓace mini, muryar nan kaɗai ta rage."

Don haka kullum Tajudeen ya rufe shago, a kan babur ɗin yake komawa gida. In ya iso ƙofa sai ya murɗa totur sau biyu kafin ya kashe, yadda marigayin ya saba.

Ana nan, sai ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni suka shirya tseren babura a wani fili bayan tashar jirgin ƙasa. Ranar Lahadi, zagaye goma, wanda ya ci a ba shi kofin azurfa.

Wani Albert, mutumin Wusasa mai zuba wa jirgi gawayi, ya tsaya a bakin shagon Tajudeen a kan sabon babur ɗinsa, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Oga Taju, ranar Lahadi ka zo ka riƙe mana riguna. Shi kuwa dattijon babur ɗin naka a bar shi a gida, kada tari ya kama shi."

Aka kwashe da dariya, har da masu ɗaukar kaya. Tajudeen ya yi murmushi, amma maganar ta zauna masa a wuya kamar ƙaya.

Washegari ya nufi Sabon Gari wurin Celestine, wani bakanike ɗan ƙabilar Ibo da ake kira Saja, don tare da Ganiyu suka yi soja. Shi ke duba babur ɗin tun ranar da aka sayo shi.

"Saja, so nake ka mayar mini da shi saurayi. Tsere zan shiga."

Celestine ya dube shi ta saman tabarau. Ya kwance kan injin, ya zaro wani ƙarfe mai kama da doguwar ƙusa mai faffaɗan kai.

"Ka ga, Taju, ƙofa biyu ce a injin nan. Ta ɗaya mai ke shiga, ta ɗaya wuta ke fita. Wannan murfin ƙofar shi ne bawul. Na ƙofar wutar ne wannan, dubi bakinsa, ya cinye kamar haƙorin mai cin goro. In yawon gari ne zai kai ka shekara. In tsere ne, zagaye biyu ya yi yawa. Shawarata ka bar tseren nan."

"Ba shawara na zo saye ba."

Tsohon ya nisa. Ya shiga ciki, ya buɗe akwatinsa na soja, ya fito da wani tsumma mai maiƙo ya warware. Bawul ne siriri, launin toka, ba ƙyalli ko kaɗan.

"Wanka Ganiyu ne ya aika aka kawo shi daga Ikko, wata biyu kafin ya kwanta. In dole sai ka yi gudun, wannan za a sa."

Tajudeen ya ɗora shi a tafin hannu. Sakayau. Ya karkata shi a rana. Dishi-dishi. Sai ya ɗauki mayen ƙarfen da Celestine ke tsince notuna da shi, ya kara. Mayen ya ƙi kamawa.

Ya tuntsire da dariya. "Haba Saja! Ni za ka yi wa? Ƙarfen da maye ya ƙi ai ba ƙarfe ba ne. Goran ruwa ne wannan, a kai wa masu tukunya."

"Ƙin da ya yi shi ne shaidarsa," in ji Celestine. "An gauraya shi da wasu ƙarafa ne don ya jure wuta, shi ya sa maye ba ya ganinsa. In inji ya ɗauki gudu, bawul ɗin nan ja yake yi kamar garwashi, ya buɗe ya rufe sau arba'in kafin ka gama bismilla. Rashin nauyin nan da ka raina shi ake nema. Mai nauyi, sifirin da ke janyo shi ba ya iya dawo da shi da wuri, sai fistan da ke kai-komo a cikin injin ya taho ya iske shi a hanya."

Tajudeen bai ma saurara ba. Idonsa ya riga ya sauka a kan wani bawul a tiren tarkace, kakkaura, yana sheƙi kamar shaddar da ta sha bugu. Ya kara maye. Ƙas! Ya manne.

"Ka ji namiji! Ka ji nauyi! Wannan za ka sa mini."

"Na babbar mota ne, kuma na ƙofar mai. Tun da aka ƙera shi bai taɓa tsayawa a bakin wuta ba. Jaki ne mai kyan fata, kai kuma sukuwa za ka."

"Shekara goma sha biyar ina taɓa kaya, Saja. Hannuna bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"A kan yadi," in ji tsohon. Ya naɗe bawul ɗin toka a tsummansa. "Hannun da ya ci kwano ɗaya da Ganiyu ba zai sa wancan a injinsa ba. Taju, ka tuna da tsohuwar da ke soro."

Nan ya kamata jikinsa ya yi sanyi. Ina! Dariyar layin 'yan atamfa ta fi ƙarfi a kunnensa.

Ya sa aka tura babur ɗin can ƙarshen layi, wurin wani mai injin feƙe ƙarfe, wanda ya juya kakkauran bawul ɗin ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka san ƙarfe!" Ya rage masa kai, ya feƙe masa ƙafa, ya cusa. Aka buga, babur ya tashi ras. Tajudeen ya bi ta gaban garejin Celestine har sau biyu yana danna ham.

Ranar Lahadi fili ya cika. Aka kaɗa tuta, babura tara suka zabura.

Gaskiya dai, tsohon babur ya nuna shi ɗan gidan soja ne. A zagaye na uku ya wuce Albert kamar yana tsaye. Na biyar, ba kowa a gabansa sai iska. Mutanen Fagge suna ta ihu, "Taju! Taju!" Shi kuwa ya kwanta a kan tanki, ya murɗe totur har ƙarshe, yana ayyana inda zai ajiye kofin a shago.

A zagaye na bakwai ya ji wani ɗan ƙyas-ƙyas a tsakanin ƙafafunsa, kamar ana kaɗa cokali a kofi. Da ya sassauta a nan, da an tsira da wani abu. Ya waiwaya ya hango Albert, sai ya ƙara wuta.

Ƙara ɗaya aka ji, kamar an fasa randa. Baƙin mai ya wanke masa wando, tayar baya ta ƙame, ƙasa ta karɓe shi.

Allah ya kiyaye, fatar hannu kawai ya bari a filin. Albert ya ci kofi, ya zo ya tsuguna ya ce, "Sannu, Oga Taju." Ba zolaya a muryarsa, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Celestine ya buɗe injin a gabansa. Kan bawul ɗin ya yi laushi ya tsinke, ya faɗa ciki, ya huda fistan, ya tsaga kan injin, sandar fistan ta fasa cikin injin ta leƙo waje.

"A gyara, Saja. Ko nawa ne."

"Wannan ba jinya ba ce, Taju. Jana'iza ce."

Duk da haka tsohon ya rubuta takarda Ikko, ya rubuta Fatakwal. Amsa ɗaya ce: an daina ƙera irinsa tun ana yaƙi.

Ran nan da ƙafa Tajudeen ya shiga soro.

"Taju, kai ne? Ina Ganiyu?"

"Yana wurin gyara, Iya."

Ya yi sati uku yana ba da wannan amsa. Kullum sai ya tarar da ita a tabarma, ta karkata kai wajen kwanar masallaci. Da abin ya ishe shi, ya cire girman kai ya je ya ari babur ɗin Albert. Ya karyo kwana bayan la'asar, ya tsaya a ƙofa, ya murɗa totur sau biyu, ya kashe.

Ya kasa kunne yana jira.

Can sai tsohuwa ta ce, "A shigo da baƙon a ba shi ruwa."

Ya shiga ya durƙusa. Ta lalubo hannunsa, yatsunta suka bi ta kan tabon. Ashe tun ranar Lahadin labari ya iso mata, jira take ya faɗa da bakinsa.

"Sau biyu ke nan ana binne mini shi," ta ce a hankali. "Na farko Allah ne ya yi ikonsa."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ce a naɗe tabarmar a kai ɗaki. Ba ta ƙara zaman soro ba, kuma kafin damina ta fita Allah ya karɓi abarsa.

Ranar sadakar bakwai Celestine ya zo gaisuwa. Da zai tafi ya danƙa wa Tajudeen tsumman nan mai maiƙo.

"Gadonka ne. Ba injin da zai shiga yanzu."

Har Tajudeen ya tsufa bawul ɗin toka yana kan teburin shagonsa, yana danne bakin yadi da shi. In mai saye ya ɗauka ya ce, "Alhaji, wannan ɗan banzan ƙarfen fa, ba nauyi ba kyau?" sai ya karɓe abinsa ya ce, "Ajiye. Ni ma haka na ce."

Darasi: Gwaninta a sana'arka ba ta mayar da kai malami a sana'ar wani. In wanda ya san abu ya ce maka a'a, wanda bai sani ba ya ce ranka ya daɗe, tsaya wurin mai a'a. Abin da zai jure wuta ba a gane shi da nauyi ko ƙyalli. Kuma kafin ka sa wani abu a cacar girman kai, duba ko akwai wanda ya rataya ransa a jikinsa, don sau da yawa ba mai taurin kan ke biyan asarar ba.

Yanzu kuma na san halinku: ku karanta, ku share hawaye, ku sulale kamar ba ku zo ba, ku bar bawan Allah da ciwon yatsa. To ban yafe ba sai kun tura. Kowa yana da Tajudeen a danginsa, a tura masa. Wanda ya duba dangi kaf bai ga ko ɗaya ba, ya sake karantawa, da shi ake.