Kunnen Ƙarfe da Muryar 'Yarsa

Akwai wani magidanci da ke aiki a masana'antar tangaran, inda ake yin farantai da kofuna. Hannunsa ne na ƙarshe a kan kaya. Faranti in ya fito daga wuta gindinsa da kaushi yake fitowa, sai ya ɗora shi a injin gogewa har ya yi sumul. Daga nan ya ƙwanƙwasa bakinsa da ɗan ƙarfe. Lafiyayye amo yake yi siriri. Mai ɓoyayyar tsaga kuwa sai ya ce "ƙwab", a ware shi gefe.

Injin nan ƙara gare shi ta fitar hankali, shi ya sa aka ba kowa abin toshe kunne. Dattijon da ke inji na kusa da shi ba ya wasa da nasa. Sai ya goge tuli guda, ya kashe inji, ya cire abin kunnen, sannan ya bi farantan yana saurare.

Shi kuwa magidancin nan ya rataye nasa a ƙusa. Yana gogewa yana ƙwanƙwasawa, inji na ruri, ya riga kowa gamawa. Har aka sa masa suna Kunnen Ƙarfe.

"Baba Zomo!" haka yake tsokanar dattijon. "Waɗannan manyan kunnuwa, karas za a kawo maka?"

Dattijon sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kunne ba ya da na canji a kasuwa."

Matarsa ce ta fara lura. Mace ce mai kawaici, ba ta iya doguwar magana a gabansa. Ta ga rediyo kullum ƙara masa murya yake yi. Ta ga in tana magana bakinta yake kallo. Ran nan jaririyarsu ta tsala kuka a bayansa, yana ɗaure takalmi, ko waigowa bai yi ba.

Ta tattaro ƙarfin hali ta ce, "Maigida, da ka gwada sa abin kunnen nan."

"Me kika ce?"

Ta maimaita, kanta a ƙasa.

Ya yi dariya. "Ke ma Baba Zomo ya saye ki? Ni da nake jin tsagar faranti inji na aiki?"

Ta yi shiru. Shirun nan shi ne abin da ya fi damunta daga baya.

Wata rana ya manta abincinsa, ta goya yarinyar ta kai masa. Lokacin hutu ne, duk an fita inuwa. Ta leƙa ɗakin injuna, sai ta ga dattijon shi kaɗai, tsaye a kan tulin farantan mijinta, yana sake ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Ya riga ya ware bakwai.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce, "'Yata, kin kama ni. Wata huɗu ke nan ina yi. Ba ya jin su yanzu. In suka wuce haka, raba shi da injin za a yi."

"Baba, shi da yake maka dariya?"

"Dariya ba ta fasa faranti. Amma ƙarshen wata zan ajiye aiki. Ki kai shi asibiti, ni ba zai ji tawa ba."

A ranar ba ta sunkuyar da kai ba. Da yamma ta tsaya a gaban mijinta inda zai ga bakinta, ta faɗa masa komai. Washegari ya bi ta suka je asibiti.

Likita ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama saura kaɗan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Aka mayar da shi wajen shirya kwalaye. Ran da dattijon zai tafi, sai tsohon ya ciro abin kunnen magidancin daga ƙusa, ya kakkaɓe ƙurarsa, ya miƙa masa. "Riƙe kunnen da ya rage." Kunnen Ƙarfe ya kasa ɗaga ido.

Bayan sati biyu, da hantsi, yana zaune a ƙofar ɗaki, yarinyar ta dafa bango ta miƙe a bayansa, ta ce, "Baba." Karo na farko ke nan. Ta sake cewa, "Baba." Bai juyo ba.

Matar ta taɓa kafaɗarsa, ta nuna masa ita. Ya ɗauki yarinyar ya manna bakinta a kunnensa na dama, yana jira. Ita kuwa ta ga maɓallin rigarsa, ta shiga wasa da shi.

Ya dubi matarsa, idonsa ya cika. "Faɗa min, wace irin murya gare ta?"

Ta ce, "Siririya ce. Irin amon lafiyayyen faranti."

Darasi: Kada saurin hannu ya sa ka raina mai yi maka nasiha, wataƙila shi ne ke rufa maka asiri ba ka sani ba. Ke kuma 'yar'uwa, in kin ga abin da zai cuci naki, kada kunya ta rufe miki baki. Ku tura wa duk wani naku da ke aiki kusa da inji, ko Allah zai sa ya ji tun yana iya ji.